Husufi, Lissafi da Yaƙin Kurukshetra

A ƙasar Indiya akwai wata doguwar waƙa ta dā da ake kira Mahabharata. An tsara ta da harshen Sanskirit, tana da baiti wajen 100,000, mabiya addinin Hindu kuwa suna girmama ta ƙwarai. Jigon labarin shi ne yaƙin kwana 18 da aka gwabza a filin Kurukshetra tsakanin 'yan'uwa biyar, wato Pandawa, da 'ya'yan wan ubansu su ɗari, wato Kaurawa. Masana sun daɗe suna tambaya, in har an yi wannan yaƙi, a wace shekara aka yi shi? Mun ga ya kyautu mu kawo zancen cikin mujallarmu ta bana, gama akwai darasi a ciki ga mai koyon lissafi, da mai koyon tarihi, har da mai karatun Littafi Mai Tsarki.

Waƙar ta nuna cewa gab da yaƙin, dattijo Viyasa ya lissafta wa makahon sarki miyagun alamu. Cikinsu akwai husufin wata da na rana a wata guda, kwana 13 tsakaninsu. Mutanen dā a can sun ɗauka wani dodo ne mai suna Rahu yake haɗiye rana da wata, kamar yadda yara a nan kan fita suna kaɗa gwangwani wai rana ta kama wata. Amma tun shekara ta 499 wani masanin Indiya, Aryabhata, ya bayyana cewa inuwa ce kurum. In wata ya shiga tsakanin rana da duniya, husufin rana ke nan. In duniya ta shiga tsakanin rana da wata, husufin wata ke nan.

To, husufi ba ya zuwa da ka. Bayan kowace shekara 18 da kwana 11 da sa'a 8, irinsa yakan sake dawowa. Husufin da ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar ran 29 ga Maris, 2006, an san ranarsa da sa'arsa shekaru da yawa kafin ya zo. Wanda ya iya lissafi gaba kuwa, ya iya shi baya. Saboda haka waɗansu masana suka ce, bari mu nemo shekarar da alamun Viyasa suka faru.

Ga abin da ya fito. Wani likita, P. V. Vartak, ya ce shekara ta 5561 kafin Almasihu ce. Narahari Achar ya ce 3067. R. N. Iyengar ya ce 1478. Al'adar Hindu kuma ta fi karkata ga wajen 3102, haka ma wani rubutun dutse na garin Aihole da aka sassaƙa a shekara ta 634 ya nuna. B. B. Lal, wanda ya haƙa kufan Hastinapura daga 1950 zuwa 1952, shi ya ce wajen 900. Tsakanin Vartak da Iyengar kaɗai akwai shekara fiye da 4,000, alhali sama ɗaya suka duba, waƙa ɗaya suka karanta.

Ina dalili? Na farko, husufi ba ya wuya. Kowace shekara akan yi aƙalla huɗu, na rana da na wata kuma sukan zo a jere, mako biyu tsakani. Cikin shekara dubu biyar, mai nema zai sami dubbai ya zaɓa. Na biyu, waƙar ba a rana ɗaya aka tsara ta ba. An yi ta ƙara mata baitoci tun daga wajen 400 kafin Almasihu har wajen 400 bayansa. Wani baiti ya sa tauraro nan, wani ya sa shi can, sai kowane mai lissafi ya riƙe wanda ya yi masa daɗi. Cikin alamun nan ma har da shanu masu haifan jakuna. Mai waƙa yana so ya nuna duniya ta birkice ne, ba rajistar sama yake cikawa ba. Na uku, juyawar duniya tana raguwa a hankali. Husufin da Babiloniyawa suka rubuta ran 15 ga Afrilu, 136 kafin Almasihu, in aka lissafta shi ba tare da wannan gyara ba, sai a kauce da fiye da sa'a uku, inuwar ta faɗi can yammacin Bahar Rum. Balle shekara 3000 kafin Almasihu.

Wannan ba ya nufin dabarar banza ce. Assuriyawa suna da jerin sunayen hakimai, kowace shekara da sunan ɗaya, a gefen wani suna kuma suka rubuta husufin rana da sunan watan. An same shi daidai, 15 ga Yuni, 763 kafin Almasihu. Daga nan ne aka ƙidaya har aka san Sarki Ahab ya je yaƙin Ƙarƙar a 853, Yehu kuma ya kai gaisuwa ga sarkin Assuriya a 841. Lissafi ya yi aiki a nan domin shaidar tana da wuri, da wata, da jerin shekaru.

Kada mu yi saurin yi wa mutanen Indiya dariya. Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Marubuci Yusufus ya ambaci husufin wata gab da mutuwar Hirudus, masana kuwa sun rabu, waɗansu suna cewa na shekara ta 4 ne kafin Almasihu, waɗansu na shekara ta 1. Akan kuma ji mai wa'azi ya ce duhun ranar da aka gicciye Ubangijinmu husufin rana ne. Hakan ba ya yiwuwa, gama Idin Ƙetarewa a tsakiyar farin wata ake yinsa, husufin rana kuwa sai wata ya ɓace. Duhunsa ma ba ya kai minti takwas, Linjila kuwa ta yi zancen sa'a uku. Bangaskiyarmu ba ta bukatar a tokare ta da gurgun lissafi.

Saboda haka, ɗalibai, mudun da muke auna littafin wani da shi, da shi za mu auna abin da ake faɗa a kan namu. So hana ganin laifi ne. A ɗakin jarrabawa ko a wurin aiki, kada ku fara rubuta amsar da kuke so, sa'an nan ku lanƙwasa lissafi ya bi ta. Allah ya ba mu zuciyar da za ta bi gaskiya, ko da ba inda muka so ta kai mu ba.