A Sawun Mayaƙan Viking a Danmak

Aboki, abin da ni da kai muka sani game da 'yan Viking bai wuce na fim ba: ƙarti masu gemu, kwalkwali mai ƙaho, ga ihu. Da wannan ɗan guzuri na sauka Kopenhagen, babban birnin Danmak, a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, mutum ya yi ta jiran magariba har barci ya fara fizgarsa.

Na fara da gidan tarihi na ƙasa. Kwalkwali mai ƙaho kuwa akwai shi, har guda biyu na tagulla da aka tono a Veksø, amma an ƙera su wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, tun ba a san za a yi wasu 'yan Viking ba. Ƙahon da muke gani a fim, masu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo na Jamus ne suka yaɗa shi a 1876. Na ainihin, wanda aka samu kusan cikakke a Gjermundbu ta ƙasar Nowe a 1943, hular ƙarfe ce kawai mai makarin ido kamar tabarau. An same shi tare da sulke, zobba cikin zobba, irin wanda kake gani a jikin 'yan sulken sarki ranar hawan sallah. Can ma ba kowa ke sa shi ba, sai mai hali. Talaka mashi da gatari da garkuwar katako yake ɗauka ya fita.

Na daɗe a gaban gatarin Mammen, wanda aka yi wa ado da zaren azurfa, aka binne shi da wani babban mutum wajen 970. Da ganinsa ka san na ƙasaita ne. Takubbansu masu kyau kuma yawanci daga ƙasar Faranki suke sayo su ko su kwaso su ganima, har sarkinta Charles mai Sanƙo ya kafa doka a 864 cewa duk wanda ya sayar musu da makami ko sulke ko doki, kisa ne hukuncinsa. Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza da ya haɗu da 'yan uwansu a bakin kogin Volga a 922, shi ma ya lura kowannensu ba ya rabuwa da gatari da takobi da wuƙa.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Roskilde cikin kamar rabin awa. A nan na ga babban makaminsu, ba kuwa na riƙewa a hannu ba ne. Jiragen ruwa ne guda biyar da aka tono a 1962, waɗanda mutanen garin da kansu suka cika da duwatsu suka nutsar wajen 1070 don toshe wa abokan gaba mashiga. Mafi tsawonsu ya kai mita 30, an sassaƙa shi a yankin Dublin ta Ailan wajen 1042, yana ɗaukar mutum sama da 60. Ruwan da bai fi mita ɗaya ba ya ishe shi tafiya. Ke nan ba ruwansa da tashar jirgi: ya shiga kogi, ya tsaya a kan yashi, a dira a kwashe, kafin sarkin ƙasar ya tara dakaru an yi nisa. Haka suka yi wa majami'ar tsibirin Lindisfarne ta Ingila a 793. Da sun sauka kuwa a ƙasa suke faɗa. Doki na tafiya ne kawai.

Zango na ƙarshe Trelleborg ne, kusa da garin Slagelse, ga iska mai shiga ƙashi duk da ana cewa bazara ce. Sansani ne da aka gina wajen 980 a zamanin Sarki Harald, mai laƙabin Bluetooth, sunansa ne dai aka ara wa na wayarka. Ganuwa ce ta ƙasa, kewayayya, faɗin cikinta mita 136, ƙofa huɗu gabas da yamma, kudu da arewa, a da da dogayen gidaje 16 a jere hurhuɗu. Wanda ya auna wannan fili ba ɗan hayaniya ba ne.

A nan aka tono wata garkuwa a 2008, faɗinta wajen santimita 80, kaurin katakon bai kai santimita ɗaya ba. Na yi mamakin yadda mutum zai ba wa wannan ɗan falanki amanar ransa, sai wani ma'aikacin wurin ya ɗauko kwaikwayonta ya nuna min: ba a tsayawa a jira sara, karkata ta ake yi a goce makami, a kuma tokari fuskar abokin gaba da bakinta. Ya ƙara da cewa da aka auna haƙoran waɗanda aka binne a maƙabartar wurin, an gano da yawansu ba a Danmak suka tashi ba. Ana kyautata zaton daga Nowe da ƙasashen Silabawa na hayin tekun Baltik sarkin ya tara su.