Tausa Da 'Yan Kokawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana manoma na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir a kan tausar da a ke yi wa 'yan wasa.

A nan wajenmu, da an kai gero da dawa rumbu, sai ka ji kiɗa ko ta ina, samari na kokawa a dandali, mahauta na dambe ran kasuwa. Ni ma na yi kokawa da ƙuruciya, na kuwa sha tausa a hannun kawuna, da man kaɗanya da tsumma a ruwan zafi. Tsamin jikin nan da ke kama mutum kwana ɗaya ko biyu bayan wasa, lalle tausa tana rage shi, har mutum ya sami barci. Wannan ba na musunsa.

Amma masu cewa tana ƙara ƙarfi, ban yarda da su ba. A shekarar 2020 masana na Jami'ar Sheffield a Ingila suka tattara gwaji 29 da aka yi wa 'yan wasa, suka duba. Ba su ga ta ƙara gudu, ko tsalle, ko ƙarfi ba, sai ɗan sauƙin tsami da laushin gaɓoɓi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabon rauni. Yaro ya sha kaye, ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya kumbura nan take, sai a ce targaɗe ne, a sami ƙato ya riƙe shi, wani ya yi ta murza yana ja, yaron na ihu, wai jini ake warwarewa. Alhali kumburin nan jini ne ke tsiyaya a ciki, murza kuwa ƙara shi ta ke yi. In ƙashi ya tsage, ja ɗin ne zai gusar da shi. Na san wani da ya bar noma saboda haka, hannun ya shanye, ko fartanya ba ya iya riƙewa.

Kwana biyu ko uku na fari, a bar gaɓar ta huta, a ɗaga ta, a riƙa sa mata ƙanƙara cikin tsumma, ko ruwan randa. In ƙafa ta ƙi takuwa, ko gaɓa ta karkace, a tafi asibiti a ɗauki hoto. Na ƙashi yana nan Dala, cikin Kano. Maɗora kuma, da girmanku, in kun ɗaure karan ɗori ku riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun soma baƙi, a kwance ɗaurin, a nemi mota a ranar.

Ni ne naka,
Wani tsohon ɗan kokawa,
Ɗambatta.