Araha ba ta ado, ba ta kuma cika batir

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun malamai a nan Birnin Ƙonni na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, suka biyo ta Kwatano ko Legas, wasu ta Sakkwato da Illelar Najeriya, har suka iso kasuwarmu. Sau da yawa kwamfuta kan iso babu cajarta ta asali. Sai mai shago ya laluba kwali ya zaro wadda bakinta ya shiga, a jona, fitila ta kama, ciniki ya faɗa. To amma shigar baki ba ita ce dacewa ba.

A ƙarshen zangon karatu na biyu, wani abokin aikina mai ajin CM2 ya sha wahalar wannan. Kwamfutarsa kan wuni a jone, amma batir ba ya motsawa daga inda yake, ga nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi. Wani dare aka ɗauke wuta yana tsakiyar shigar da makin yara, ta mutu nan take, aikin sa'a biyu ya salwanta. Har ya fara neman bashin sabon batir. Muka kai ta wurin wani matashi da na koyar a firamare, wanda yanzu yake gyaran wayoyi da kwamfutoci. Ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya duba bayan caja, ya ce: "Malam, batirin nan lafiyarsa lau. Abinci ne ba ya isar shi."

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan CM2 ba. A ƙasan kwamfutar an rubuta 19.5V da 3.34A. Idan aka ninka su, za a samu wat 65. A bayan cajar kuwa 19.5V ne da 2.31A, wato wat 45. Tuwon mutum ɗaya ne aka ajiye wa mutum biyu: injin ya fara ci, batir ya samu saura, idan ma akwai. Ƙa'idar ita ce, lambar V ta zo daidai da abin da kwamfuta ke nema, lambar A kuma ta kai ko ta wuce. Cajar wat 90 ba ta cutar da kwamfutar wat 65, domin abin da take bukata kaɗai take ja. Ƙarama ce ke gazawa, ta yi ta zafi, balle a watan Afrilu da Mayu da zafinmu kan haura digiri 40.

Wani lokaci lambobi sun dace, amma caji ya ƙi. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, wadda ta cikinta kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Idan allurar ta lanƙwashe, ko cajar jabu ce da ba ta ba da wannan bayani, kwamfuta na iya kunnuwa amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. Masu bakin USB-C kuma, cajar waya kan shiga, amma ba kowace ce ke kai 20V da galibin kwamfutoci ke nema ba, kuma igiyar da ba ta musamman ba ba ta ɗaukar fiye da wat 60. Sannan idan batir yana tsayawa cak a kashi 60 ko 80 kullum, a fara duba saiti: wasu kamfanoni na sa wannan iyaka da gangan don batir ya daɗe.

A garin da wuta ba ta yankewa, wannan ƙaramar magana ce. Mu kuwa mun ga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da rana take aiki, malami kuwa da dare yake shirya darasi. A wannan lokaci batir ne jarinsa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, da iyayen da ke tara kuɗi su saya wa yaro kwamfuta zai tafi jami'ar Tawa ko Yamai: kada a biya sai an karanta lambobin nan biyu. A jona a shagon, a buɗe aiki, a zauna minti goma sha biyar a ga ko kason batir yana hawa. A ɗaga cajar a ji nauyinta, domin jabu galibi ba ta da nauyi. Idan kibiyar allo ta fara tsalle da zarar an jona, a mayar da ita. Jika biyu ko uku da za a rage a kan caja ba su kai kuɗin batir ba, ba su kuma kai darajar makin aji guda ba.