Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan akwatinmu

Ɗiyata abar ƙaunata,

Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan ƙalau muke, sai kewarki. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Saƙonki ya iso, kin ce wata 'yar ajinku ta gaya miki mu 'yan ƙungiyar Mata Masu Dubara kuɗin Turawa muke ci. Maganar ta taɓa ni, shi ya sa nake so ki ji asalin abin daga wurina.

Tun kafin a haife ni kakanninki mata suna yin adashe: kowa ta zuba, ɗaya ta kwashe, mako na gaba wata. Ya rufa wa mata da yawa asiri, amma in ciwo ya kama yaro kwasarki ba ta zo ba, sai dai ki sayar da akuya a wulaƙance, ko ki ci bashin ɗan kasuwa ki biya da gero a kaka, lokacin da geron ba ya daraja. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma aiki da matan karkara a nan jiharmu ta Maraɗi, tare da wata 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Adashen nan dai aka gyara. Kuɗi su zauna a akwati, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, in shekara ta zagayo a fasa a raba, kowa gwargwadon zubinta. Koyarwa da tsari suka kawo mana. Abin da ke cikin akwatin kuwa guminmu ne, na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da kiwon jar akuya.

Kin sha ganin zamanmu kina goye a bayana, amma ba ki san ma'anarsa ba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, shi kuma yana kwana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai kowa na zaune. A juye kuɗin a faifai, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi, taro ya maimaita. Wadda ta makara ta biya tara, ko matar maigari ce. Ga kuma 'yar jaka dabam ta taimako, don haihuwa ko rasuwa ko jinya. A farko yawancinmu ba mu iya rubutu ba, saboda haka kowace mace takan riƙe bashin ta kusa da ita a ka, mako ya zagayo ta faɗe shi daidai. Ni a ganina wannan ilimi ne, kuma ban yarda kowa ya raina shi ba.

Shekarar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin gona, ita ta nuna mana abin da muka gina. Geron da muka saya muka zuba a rumbun ƙungiya tun kaka, shi muka dinga auna wa juna tiya tiya har sabon hatsi ya nuna. A zamanmu na mako mako ne kuma mata suka koyi magana a gaban jama'a, har wasu suka tsaya zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 suka zama kansiloli. Tsarin da aka fara a ƙauyukanmu yanzu ana bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Ga bukatata gare ki. Iyayen da suka kafa akwatin garinmu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. In kin zo hutu ki taho da sabon littafi, ki bi waɗanda suka rage ɗaki ɗaki, ki durƙusa ki gaishe su, ki rubuta sunayen na farko da yadda suka shawo kan mazajensu har aka bar su fita taro. Ki kuma zauna kusa da ni ranar zubi ki koyi riƙon lissafi, don idona ya fara gajiya.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Innarki