Bikin Kaka: Tamilawa Sun Sa Nasu a Kalandar Gwamnati, Namu Fa?



Akwai wata al'umma da ake kira Tamil, asalinsu kudancin Indiya da Siri Lanka. Manoman shinkafa ne da rake, kuma suna da bikin kaka mai suna Pongal, wanda ke faɗowa ranar 14 ko 15 ga Janairu kowace shekara. A ranar sukan dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila cikin sabuwar tukunyar ƙasa har ta tafasa ta zubo, kuma ma'anar sunan ke nan, tafasa har a zube. Kwana huɗu ake yi, rana ta uku ta shanun noma ce, a wanke su a yi musu ado. Abin da suke bauta wa nasu ne, ba ruwanmu da shi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda suka ɗauki bikin nan suka tafi da shi ƙasashen da suka yi hijira.

A 2014 lardin Ontariyo na Kanada ya yi doka cewa Janairu watan al'adun Tamil ne. A Oktoba 2016 majalisar dokokin Kanada baki ɗaya ta amince da haka, bisa ƙudurin ɗan majalisa Gary Anandasangaree, wanda shi kansa Batamile ne da aka haifa a Siri Lanka. A 2017 majalisar jahar Bajiniya ta Amurka ta ware 14 ga Janairu a matsayin ranar Pongal. Mutanen nan fa ba su da gona ko ɗaya ta shinkafa a Toronto, a Janairu ma ƙanƙara ce ke zuba. Amma ranar suna da ita, kowa ya san ta, shi ya sa da suka je gaban hukuma suna da abin da za su ce a rubuta.

To mu dawo gida. Mu ma ai muna da kaka, kuma mun san daɗinta. In an yanke hatsi an ɗaure damma an kai rumbu, an fidda zakka, sai gari ya ɗau kiɗa. Samari su yi kokowa a dandali, ƙauye ya gayyaci ƙauye. A birnin Damagaram ga wasan kara, inda talaka ke shigar sarki ko ta gwamna ya kwaikwaye shi, kowa ya yi dariya ba wanda ya yi fushi. Mu nan bakin tafki kakarmu ma biyu ce, don bayan ta hatsi ga ta garka: rake, rogo, kabeji, albasa, ga dabino in lokacinsa ya yi.

Kuma mun taɓa ganin abin da hannun gwamnati ke yi wa wasan kaka. A 1975, zamanin Janar Seyni Kountché, aka mai da kokowa gasar ƙasa. A Tawa aka fara, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau jahohi takwas ke kawo 'yan kokowa goma-goma, ƙasa duka ta tsaya cak tana saurare a rediyo da talabijin, kuma Damagaram ta ga takobi ya shigo gida a hannun irin su Balla Haruna. Alherin abin a fili yake. Sai dai kokowar ta tashi daga dandalin ƙauye ta koma babban fili mai tikiti. Ta gidan kuwa, wadda ba kyauta sai kirari da guɗa, kullum raguwa take yi, saboda ana gama sussuka samari sun hau mota: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Wa zai yi kokowar?

Nan ne abin ke mana ciwo. Yaron da aka haifa a Sabon Zango na Akkara ko a Abijan ya san ranar Salla, don tana da wata da kwana. Musulmin Gana sun nema har aka mai da Sallolin biyu ranakun hutu a zamanin Jerry Rawlings, birnin Niyok ma tun 2015 ya sa su cikin ranakun rufe makarantun gwamnati. Amma ka tambayi yaron nan yaushe ne bikin kakar garin ubansa, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Mu kanmu amsarmu ita ce "in an gama aiki". Hukumar wata ƙasa ba ta rubuta "in an gama aiki" a kalanda.

Shawararmu ƙarama ce, ba ta bukatar miliyoyin sefa. Mai martaba sarki da mahukuntan komin da malamai da shugabannin manoma da na samari su zauna su tsai da rana guda, kafin 'yan ci-rani su watse, a ce ita ce ranar kakar Gidimuni, kowace shekara ba canji. A buɗe da addu'ar godiya ga Allah, a tuna wa jama'a zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga na damina, ɗaya bisa ashirin ga na ban-ruwa. Masu garka su baje kayansu, mata su kawo fura da tuwon sabon hatsi, da la'asar a shiga fili. A rubuta ta a takardar komin, a sa hannu a buga hatimi. 'Yan'uwa na waje kuma, ko ku biyar ne a ɗaki guda a Sabha, ku dama fura a ranar, ku kira gida, ku nuna wa yara.

Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Harshen ya samu takarda. Saura abubuwan da ake faɗa da harshen, kuma waɗannan ba daga Yamai za a aiko mana da su ba.

Wace rana kuke ganin ta fi dacewa, ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba? Dattawa, iyaye mata, 'yan ci-rani, muna jiran ta bakinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu lafiya.