Ranar Da Na Jira Muryar Ɗana

Ran Lahadi, 29 ga Afrilu, 2012, ina gida a Kademi sai labari ya iso: 'yan bindiga sun faɗa wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, Kano, sun kashe mutum fiye da goma. Ɗana kuwa can ya ke karatu. Na yi ta kiran wayarsa, shiru. Maƙwabcina Musulmi ya shimfiɗa tabarma, ya zauna tare da ni har la'asar, sa'an nan yaron ya amsa. Na gode wa Allah, na kuma tuna da iyayen da ba a amsa musu ba. Tun ran nan, in ina roƙon salama, na kan sa da gidan maƙwabcina. 'Yan'uwa, mu yi haka.