Cinikin Biri a Sama

Malamin yana koyarwa ne a wata makarantar firamare da ke cikin fadamar Majiya, a gundumar Buza. Shekara 6 ya yi yana riƙe da salula guda, har gilashinta ya tsage, batirinta kuma ba ya kai azahar. Da ita yake karɓar saƙonnin aiki, da ita kuma tsohuwarsa, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu na wajen Kaita, take jin muryar autanta da ya tafi biɗa Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba tun kaka da kakanni.

A tsakiyar watan Yuli na 2023, da aka ba da hutun damina, sai ya shiga mota ya nufi Madawa, ya sauka a shagon wani mai sayar da salula da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Irin wadda yake so ba ta cikin shagon, hotonta kawai aka nuna masa. Mai shago ya ce: "Mushe, tana Kano. Bar mini tsohuwar, ka cika jika 45, sati mai zuwa in sha Allahu tana hannunka." Malam ya ce: "Alhaji, ba na ba da rabi ba, in ta iso in cika?" Alhaji ya yi murmushi, ya ce ai da kuɗin ne za a sayo ta. Malam ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya cire katinsa daga tsohuwar salula ya ƙulle a takarda, ya koma Buza hannu rabbana. Ba a rubuta kome ba, ba a kuma kira shaida ba.

Ba wauta ce ta sa ya yarda ba, sabo ne. Tun da salula ta shigo Nijar a 2001, da biya kafin amfani ta zo: mutum ya sayi kati, ya kankare, sa'an nan ya yi kira. Sai dai abin da ke cikin kati nan take yake shiga, ba a jiran mota, ba a jiran iyaka. Ita kuwa wannan salula sai ta ƙetare iyaka. A ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, wadda ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Sati guda ya zama wata, wata ya zama uku. Duk lokacin da Malam ya ari salular maƙwabci ya kira, amsar guda ce: "Haƙuri, Mushe, hanya ce a rufe."

Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne. Kowace Juma'a bayan la'asar tsohuwar takan shimfiɗa tabarma a inda ta saba zama in za a kira Abijan, ta yi shiru, can ta ce: "Yau ma ba ta zo ba?" Sai ya ce: "Tana tafe, Inna." Ya lura da cewa shi ma ya koma mai sayar da alkawarin da ba shi da rana.

A cikin wannan jira ne ya tuna da mahaifinsa. Biyan kuɗi kafin kaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Adar. Ƴan kasuwa sun daɗe suna bai wa manoman albasa na wajen Galmi da Madawa kuɗin iri da na ban ruwa, in an yi girbi su karɓi buhuna. Haka ma akan yi da hatsi a cikin tsananin damina. Amma a can mai ƙarfi ne ke ba da kuɗi, marar ƙarfi ya karɓa don ya yi noma, kowa kuma ya san yawan buhunan, ya san lokacin girbi. A shagon Madawa abin ya juye: mai ɗan albashi ne ya ranta wa mai jari, ba riba, ba wa'adi. Ya kuma ga cewa rayuwarsa duka haka take. A wurin aiki shi ke fara yi, lada ta biyo baya a ƙarshen wata. A kasuwa shi ke fara biya, kaya su biyo baya. Ta kowace fuska shi ne mai jira.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, ya kai maganar gaban limamin garin. Liman ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tuna masa da abin da ake karantawa a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: akwai cinikin salam, wanda ake gabatar da kuɗi a jinkirta kaya, kuma ya halatta, amma da sharaɗin a san siffar kayan, a kuma yanke ajali sananne, wanda malaman Malikiyya suka ƙaddara mafi ƙarancinsa da kwana 15. Ya ce: "Kai siffa ka sani, ajali ne ba ka riƙe ba. 'In an buɗe hanya' ba rana ba ce. Cinikin biri a sama ka yi." Malam ya ce: "Allah gafarta Malam, kunya ce ta hana ni neman takarda." Liman ya ce rubuta bashi umurni ne na Alƙur'ani, ba zargi ba ne ga kowa.

Ya koma Madawa tare da wani abokin aikinsa. Shagon cike yake da sababbin kaya, domin ƴan kasuwar bakin iyaka ba su rasa hanyar daji ba. Nan ya gane cewa Alhaji ba ɓarawo ba ne. Kuɗin ne suka yi ta juyawa cikin jari, ana sallamar wanda ya matsa, ana barin mai kawaici a ƙarshen layi. Bai ɗaga murya ba. Ya fitar da takarda da alƙalami, ya rubuta sunan salular da launinta da kuɗin da ya bayar, da rana: in kwana 15 suka cika ba ta zo ba, a mayar masa da kuɗinsa da ƙimar tsohuwar. Alhaji ya karanta, ya yi jim, ya ce: "Mushe, ai da tun farko ka faɗi rana." Ya sa hannu, shaida ya sa nasa.

Kwana 11 bayan haka wani direban motar Buza ya kawo kwalin. Ran Juma'a tsohuwar ta yi magana da autanta har batiri ya yi rabi, ba ta ce masa kome game da wata huɗun da suka wuce ba, sai tambayar lafiya da farashin shinkafa a Abijan.

Takardar tana nan cikin littafin shirya darasinsa. Yakan fito da ita a ajin ƴan shekarar ƙarshe, ranar da aka zo darasin rubuta wasiƙa da yarjejeniya, ya sa yara su nemo abubuwa huɗu a cikinta: mene ne kayan, nawa aka biya, wace rana, wa ya shaida.